Ƙugiyar da Ba Ta da Ta Biyu

"Baba, ba wannan ba," in ji direban, yana ture ƙugiya ta uku da mai walda ya ɗora masa a kan tebur. Gumi ya jiƙa masa riga, idonsa na kan titi.

"To wace iri kake nema, ɗana?"

"Mai juyawa, ta hanyar duwatsu. Jiya da sarƙa na ja tirelar, saura ƙiris ta kifar da ni a gangare. Yau dole in fitar da ita daga gari."

"Yaya bakin tirelar yake?"

Direban ya miƙa masa waya. Tsohon ya daɗe yana kallon hoton. Ya shiga ciki, ya fito da wata ƙugiya naɗe a tsumma.

Direban ya gwada ta da hoton, ya saki ajiyar zuciya. "Wallahi ita ce! Nawa?"

"Bari a ɗaura tukuna. Shigo da motar ciki."

Direban ya shigo da motar. Yana kashe injin, sai ya ji ƙarar kulle ƙofa da kwaɗo a bayansa. 'Ya'yan tsohon, ƙarti biyu, sun tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, lafiya?" in ji direban.

"Lafiya lau. Da hannuna na ƙera bakin tirelar nan da ƙugiyarsa, ba su da na biyu. Shekaranjiya aka sace min tirelar." Ya jawo masa benci. "Zauna, ɗana. Ban wahalar da kaina da cigiya ba, na san za ka zo da ƙafarka."