Gilashin da Kuwabara Ya Sayar Mini

"Gilashi mai jawo nesa kusa nake so," na ce wa Kuwabara mai shagon kyamara. "Ya yi hoto, ya yi bidiyo, kuma mai araha."

"Tsoho, tsuntsaye za ka ɗauka ko matan maƙwabta?"

"Rufe mini baki. Gobe jikata Kanna za ta yi tsere a makaranta."

Bai ƙara tambaya ba. Kowa ya san na rantse ba zan haɗa tabarma da 'yata Misuzu, uwar Kanna, ba tun da ta auri wani makaɗi. Kuwabara ya miƙo wani gilashin kyamara, ya ce ba kamarsa.

Washegari na tsaya kan tudu a bayan makarantar. Na murɗa gilashin har ƙarshe, yaran kamar tururuwa. Na sauko bakin shinge, duk ɗaya. Aka busa wa 'yan ajinsu usur. Na faɗa ƙofa, na ratsa tabarmin iyaye, ina tattake takalman mutane, ina zagin Kuwabara, har fuskar Kanna ta cika kyamarar.

"Baba, ka tare wa mutane. Cire takalmi ka zauna."

Misuzu ce a gabana, tana miƙo mini curin shinkafa.

"Macucin nan ya yaudare ni," na ce.

"Ni na roƙe shi ya ba ka wanda ba ya kai nesa."

Gishiri ya yi wa shinkafar yawa. Na ci biyu.