Yarinyar Cikin Rigar Ruwa

Me ya sa Verlene take dariya duk ranar da aka yi ruwan sama? To, matso kusa, muryata ba ta zuwa nesa.

Abin ya fara ne ranar da ƙanensu Thaddeus ya kira ta a waya. Shi ne autan Mama Ernestine, mai zanen nan, ƙato mai gemu, bahago, fenti har a girarsa. Yara kawai yake zanawa, kuma ya sha faɗa cewa sai abin da ya tuna da kansa yake zanawa. Za a baje zane-zanensa a ɗakin nuni na cikin gari, nan Toledo.

"Yaya, ki zo ranar Asabar," ya ce. "Kina cikin babban zanen."

Verlene ta ajiye waya ta taka rawa ita kaɗai a kicin, ludayi a hannu.

Kin ga, ita ce ta tsakiya cikin mata uku. Odessa, babbar, hotunanta sun cika bangon falo. Charmaine, ƙaramar, ita ake kira kyakkyawar gida. Verlene kuwa hotonta na yarinta guda ɗaya ne, shi ma ta rufe ido. Da aka haifi Thaddeus tana shekara tara, kusan ita ta raine shi, tunda Mama na aikin asibiti. Amma ko shi bai taɓa zana ta ba.

Ta kasa haƙuri. Ranar Laraba ta kai masa miya ɗakin aikinsa, ya tare ƙofa da jikinsa. Ta leƙa ta ƙarƙashin hammatarsa, ta hango rawaya, da 'yan fararen furanni.

Rigar ruwanta ce ta 'yar aji ɗaya. Ta gane ta nan take.

Kafin Juma'a ta ɗinka doguwar riga rawaya. Ta je aka gyara mata gashi, aka yi mata farce, har ɗan yatsan nan nata da ya lanƙwashe tun tana ƙarama, wanda kullum take ɓoyewa a aljihu. Ta gaya wa 'yan ƙungiyar waƙa na coci, su goma sha biyu. Ta gaya wa mai kawo wasiƙa. Ranar Asabar suka cika motar coci, har da ni a ciki, suna waƙa tun daga ƙofar gida.

Zanen ya fi ƙofa tsawo. An ba mu baya, hular rigar a kai, ana tsakiyar tsallake kududdufi, takalman roba ja duka biyu a sama. Sanda a hannun hagu. Hannun dama kuma wani na riƙe da shi daga gefe, inda zanen ya ƙare.

"Ga ni nan," in ji Verlene. 'Yan waƙa suka hau tafi.

"Ga wa?" Odessa ce, da kofi a hannu. "Ni aka saya wa rigar nan sabuwa fil."

Verlene ta ce, "Yaya, ke da ba ki taɓa tsalle ba a rayuwarki? Dubi yagewar nan ta ƙasa. Shingen maƙwabta ne, ni na yi ta."

Charmaine ta matso tana ƙwas-ƙwas da dogon takalmi. "Tsofaffi, ku sa tabarau. Facin nan na gwiwar hannu fa? Don ni Mama ta sa shi."

Verlene ta duba. Facin na nan, shuɗi. A zamaninta babu shi.

Tafin ya tsaya. Mutum goma sha biyu suka zuba mata ido, ita da rigarta rawaya. Ta waiga neman Thaddeus, ashe ƙaton ya maƙale bayan ginshiƙi, wai yana gyara fitila.

Sai aka ji wata 'yar ƙara kamar ta butar shayi. Mama Ernestine ce a kekenta na marasa lafiya, kek a cinya, tana dariya har numfashi na sarƙe mata.

"Ku uku dai ba ku canza ba," ta ce. "Wace ce bahaguwa a cikinku?"

Suka kalli juna, Mama ta ci gaba.

"Riga da ranta, sai in jefar don na haifi namiji?"

Wallahi ɗakin nan ya kece da dariya. Odessa ta zubar da kofi a takalminta. Charmaine ta kama bango. Wani bature mai rubutu a jarida ya yi ta tambayar me aka ce. Thaddeus ya fito yana sosa gemu, ya ce shekara biyu cur ya yi yana zuwa makaranta da furanni a baya.

Verlene ma ta yi dariyar, amma idonta ya kawo ruwa. Ta je gabansa, hannu a aljihu.

"Auta," ta ce a hankali, "ka ce ina ciki."

Ya dafa kafaɗunta ya juya ta, ya ɗan tura ta zuwa gefen zanen.

Ga mutane can suna jiran abinci, bari in tashi in zuba musu. Amma in kin je, zanen na nan har ƙarshen wata, kar ki tsaya kan rigar kamar yadda muka yi. Ki dubi hannun da ke riƙe da yaron kada ya faɗi, wanda ya fi komai haske a zanen, da ɗan yatsansa a lanƙwashe.