Bindigar da Inuwa Ya Zaɓa

Bindigar da aka miƙo masa ta fi yadda ya zata nauyi. Inuwa ya ɗora ta a kafaɗa kamar yadda yake ganin kafil ɗinsa, uban gidan da ya ɗauko shi aiki ƙasar waje, yana yi, ya runtse ido ɗaya, ya auna bangon rumfar. A bangon babu komai sai hoton ɓauna, amma shi ba ɓauna yake gani ba.

Kafil ɗin yana can ɓangaren da ake gwanjon shaho, ya ce masa ya zazzaga baje kolin kayan farautar har magariba. Shekara da shekaru Inuwa yana tuƙa mutumin nan daga unguwar Ulaya zuwa jeji, yana ɗaukar masa bindigogi, yana goge su. Bai taɓa ɗana ko ɗaya ba. Amma a garinsu, can bakin kogin Kwara ƙasa da Yawuri, an ɗauka duk wata bindiga ta duniya ya gama saninta.

Shi ya sa Jibirilla mai jirgin fito ya kira shi.

A daminar bara ne dorina ta taso wa kwalekwalen Jibirilla a tsakiyar ruwa. Ya yi lodin buhunan shinkafa har baki, fasinjarsa ɗaya tak, Hajar, 'yar Inuwa, da aka aika tsallake wurin gwaggonta. Jirgi ya karkata, yarinya ta faɗa. Jibirilla ya iso gaɓa da shinkafa yana salati. Washegari aka tsamo gawarta. Inna, mahaifiyar Inuwa, ita ta yi mata wanka, shi kuwa takardar izinin fita ƙasar ba ta samu ba, a ɗakinsa na direba a unguwar Shifa ya karɓi gaisuwa ta waya.

Yanzu hukuma ta ba da izinin kashe dabbar, mutanen gari sun yi karo-karo, akwai dillali a birni da zai kawo duk bindigar da aka ambata masa. Jibirilla ya rantse shi kaɗai zai shiga ruwa, ba ya son kowa ya raba shi da sunan.

"Baban Hajar, kai za ka zaɓa mana," ya ce a waya. "Kuɗin ba yawa, amma na san ba wanda ya kai ka son ganin ƙarshen abin nan."

"Ba wanda ya kai ni," Inuwa ya amsa.

Mai rumfar, Amir, ɗan Sudan ne, jikan Hausawa, yana jan Hausarsa a hankali. Da ya ji Inuwa mai iƙama ne, wato takardar zaman baƙo, ba saye zai yi ba, hoto da suna kawai yake so, sai ya ce mafi mushkila, wato ba matsala, ya jera masa uku a kan tebur.

Ta farko mai baki biyu ce, an yi mata zane a ƙarfe. Amir ya faɗi riyal ɗinta, Inuwa ya ture ta gefe ba tare da ya taɓa ba.

Ta biyu ita ce mai nauyin, baƙa, ba ado, gindinta na roba. "Wannan ita ce ta mai matsakaicin hali," in ji Amir. "Tana dukan kafaɗa, harsashinta da ɗan tsada, amma in ta samu dorina tsakanin ido da kunne, magana ta ƙare."

Ta uku doguwa ce, siririya, katakonta na sheƙi, ga madubin jawo nesa a samanta. Duk wanda ya gifta sai ya waiga. Kuɗinta kusan ɗaya da ta biyu.

"Wannan fa?"

"Kyau ne ya ja ka, ɗan'uwa. Ta barewa ce. A kan dorina ba ta wuce fatar goshi."

"In aka harbe ta da ita, gudu take yi?"

Amir ya yi dariya. "Dorina? Ai inda ƙarar ta fito take nufa. Kafin mutum ya sa harsashi na biyu ta raba jirgi biyu."

Inuwa ya jinjina kai. Ya sake ɗaga baƙar, ya shafa ta, ya tambayi nisan da take ci, ya ajiye. Rabonsa da ya ji zuciyarsa ta kwanta haka tun kafin daminar.

Ya fito da waya ya ɗauki hoto, ya matso da ita ya ɗauki lambar da ke jikin ƙarfen. Sannan ya danna saƙon murya.

"Jibirilla, ga ta nan. Irin ta manya ce. Dillali zai ce maka akwai wadda ta fi ta, kada ka saurare shi, kuɗinku yake so. Ka matsa kusa sosai kafin ka harba."

Amir ya leƙo fuskar wayar, murmushinsa ya ɗauke. "Ya akhi, ka yi kuskure! Ta barewar ka tura!"

"Na ji bayaninka sarai, Malam Amir. Allah ya saka da alheri."

Ana kiran magariba ya nufi inda ya ajiye mota, amsar Jibirilla ta shigo, godiya da addu'a. Bai ji ta har ƙarshe ba. Abin da ke kunnensa muryar Inna ce, ranar da ta kira shi bayan sadakar bakwai ta ce ya riƙe a cikinsa: babu sawun haƙorin dorina ko ɗaya a jikin Hajar, sai yatsunta da aka farfasa da filafilin tuƙi a lokacin da take riƙe da bakin jirgin.