Farin Fenti a Bangonmu

"Barka, Mama, kun fita daga talauci!" in ji jami'in tallafi, yana shafa farin fenti a kan jan rubutun da suka yi mana a bango bara: GIDAN MATALAUTA.

Laifinmu ɗaya, na samu tallafin karatu a wata jami'a a birnin Semarang. Kai tsaye makaranta ake biya, amma a wurinsu mun yi arziki. Suka soke shinkafarmu ta wata-wata.

"To, littafin zan dafa wa ƙannenta?" in ji mahaifiyata.

"Ki gode Allah, Mama." Ya shanye ruwan kwakwarmu, ya yi gyatsa, ya hau babur.

Da bangon ya bushe, jan rubutun ya sake fitowa ɓaro-ɓaro. Ashe fentin ma sun ci rabi, sun tsinka sauran da ruwa.