Tazarar Idanun 'Yar Tsana

Tun da aka mayar da karatun yara fim ɗin 'yan tsanan laka, Nusaiba ta daina tsallake dokin ƙofa. Ko kaza ta gani sai ta tsuguna. Uwarta Ramlatu ta ja ta har ɗakin Tasi'u, mai ɗaukar fim ɗin makarantar.

Ta same shi ya ɗauki hoton wata 'yar tsana a kan tebur yadda idon hagu zai gan ta, yana ɗan matsar da kyamara don ɗaukar na idon dama.

"Malam, me kake yi wa 'yata?"

Bai ɗago ba. "Tazarar idanun 'yar tsana nake bi, Hajiya, don mai kallo ya ji shi ma ɗan mitsitsi ne. Malamai sun ce yara sun fi ladabi."

"Faɗaɗa tazarar."

"Ki je gidanku ki faɗaɗa. Kar ki taɓa mini tebur."

Nusaiba ta durƙusa tana gaida 'yar tsanar. Ramlatu ta ɗago ta, ta yage gefen mayafinta, ta ɗaure mata ido ɗaya, tunda sai da ido biyu dabarar fim ɗin ke aiki.

"Gobe haka za ta zo makaranta. Duk wanda ya kwance, da ni zai yi."