Gidan da Aka Cire wa Matakala

Maigidan ya jefar da zanen gini a gaban magini, ya ce, "Nuna min matakalata a nan!"

Babu matakala. Ɗakinsa da aka zana a saman bene, inda yake burin zama yana kallon titi idan ya bar aiki, an sauko da shi ƙasa. Ƙofofi an faɗaɗa su kamar na sito. Dakalin shiga an mai da shi gangare. Duk wannan an yi shi ne a watannin da ciwon baya ya tsare shi a gida, uwargidansa ce ke leƙa aikin a madadinsa.

"Gida na ce ka gina min ko garejin mota?"

Magini ya sunkuyar da kai. "Umarni aka ba ni, ranka ya daɗe."

"Wa ya ba ka?"

Magini ya ɗauki cokalin gininsa ya shiga kankare shi. Maigidan ya zauna a kan bulo yana huci, yana zagin takalminsa, wai shi ke sa shi tuntuɓe kwanan nan.

Ƙannensa suka ba shi haƙuri, ya kore su. Uwargida ta roƙe shi har da hawaye ya bar maganar, ya ce wa ya san ko ita ma an toshe mata baki. Shekara ashirin ne, ko fiye, magini yake yi wa zuriyarsu aiki da magana ta baki kawai, ba a taɓa rubuta komai ba. To magana ta baki ba ta da ƙafar zuwa kotu. Duk da haka maigidan ya kai ƙara, ya rantse sai an hana mutumin nan riƙe cokalin gini har abada.

A kotu alƙali ya tambayi magini sau uku wa ya sa shi sauya zane. Ya ce ya yi alkawari, ba zai faɗa ba.

"Maci amana!" maigidan ya daka tsawa. Ya yunƙura zai miƙe, sai da ɗansa ya tallafe shi.

Alƙali ya gyara tabarau zai yanke hukunci. A kujerar baya uwargida ta tashi.

"Ni na sa shi, baban yara. Likita ni ya gaya wa, kai muka ɓoye maka: kafin a yi wa gidan nan fenti, a keken guragu za mu riƙa tura ka."