Hoton da Shaho Ya Ɗauka a Bakin Tafki

Shaho ya nutse cikin taɓo har gwiwa, amma bai bari kyamarar ta taɓa ruwa ba.

Shi ya raɗa wa kansa sunan. A cewarsa, duk zauren masu kallon tsuntsaye da ke wayarsa babu mai kaifin idonsa, duk da kaurin tabaransa. Shi ya sa da likitan haƙori, abokin hamayyarsa, ya ce ko shekara zai yi a tafkin nan ba zai ga tsuntsun nan mai rawayan ƙirji ba, Shaho ya rantse sai ya kawo hotonsa kafin ya dawo gida. Gobe kuma za su koma.

Tafiyar dai sunanta hutun amarci. Amarya ta ciko akwati da kaya masu haske. Tun saukarsu ya ɗauki hoton agwagwa, ya ɗauki balbela, har da kazar mai masauki da ya zaci baƙuwa ce. Ita kuwa ko inuwarta ba ta shiga kyamara ba.

"Yallaɓai, ko guda ɗaya mana, a jikin tagar nan."

"Hasken safiya ba na wasa ba ne. In kin yi fiffike ma yi magana."

Ba ta yi fushi ba. Sai ma ta tambaye shi yadda ake jawo tsuntsu mai ɓuya. Ya gyara zama ya yi mata lacca: kukansa ake kunnawa a waya, shi kuma ya zaci ɗan'uwansa ne ya amsa. Ta ce ya tura mata kukan ya riƙa ɗebe mata kewa in ya fita. Ya tura, yana murnar ya auri mai fahimta.

Washegari kuwa tsuntsun ya fara amsawa daga cikin dogayen ciyayi. Shaho ya kunna, a amsa. Ya matsa, a yi shiru. Kullum ya dawo wujiga-wujiga, ya tarar ta wanke takalmanta ta shanya a taga.

"Ya amsa?"

"Ya amsa! Kunya ce da shi, amma ni yake jira."

"Ai kuwa," in ji ta.

Yau ya ƙudurta ko a mutu ko a yi rai. Ya kwanta rub da ciki yana rarrafe, sauro na walima a wuyansa. Tabaransa ya faɗa taɓo, bai tsaya nema ba. Ya kunna. Aka amsa dab da shi. Can tsakanin ciyayi rawaya ta gilma.

Ya danna, ya danna.

Ko wanka bai tsaya yi ba. A bakin tafkin ya kwashe hoton ya jefa zaure, ya rubuta: "Ina mai cire haƙora? Zo ka ga aikin manya."

Amsa ba ta daɗe ba. "Barka, Shaho. Amma ka ƙara girman hoton, sannan ka gaishe mana da tsuntsun."

Ya kawo wayar dab da hancinsa, ya buɗa hoton da yatsu biyu.

Amarya ce zaune kan kututture cikin mayafinta rawaya, waya a hannu, hasken safiya kwance a fuskarta, tana murmushin matar da mijinta ya zo mata da rarrafe.